Ranar da Mma Ta Ɗaure Mota a Turke

Mahaifiyarmu, wadda duk unguwarmu ta Dabokpa ke kira Mma, ta sayi mota a shekarar da babu fetur a Tamale. Shekarar yunwa ce, ana layin masara, ana layin sabulu, masu motoci sun jingine su a gindin bishiya suna hawan keke. A lissafin Mma, lokacin ne mota ke araha, kuma fetur ai ba zai ɓace har abada ba.

Sana'arta sayen gyaɗa da ƙwarar kaɗanya a ƙauyuka. Ta kan ɗauko kaya a ka daga cikin ƙauye zuwa bakin titi, ta jira babbar mota, ta hau saman buhuna har gari. Wuyanta ya fara ƙin juyawa, in za ta dube ka sai ta juyo da jiki duka. Ni ce babbar 'yarta, ina ɗinki a lokacin, kuma ni na fi kowa zuga ta. Abin da ta mallaka a duniya shanu huɗu ne da ke wajen Fulani, su ta sayar don ta sayi wata tsohuwar a-kori-kura a hannun wani akawu mutumin kudu da ke zaune a Nyohini.

Sai dai ta kafa sharaɗi, ta ce kuɗinta ba zai shiga hannun akawu kai tsaye ba, sai ya bi ta hannun Alhaji. Alhaji dillali ne a kasuwar shanu, dattijo mai jan haƙori saboda goro, shi ya sayar mata da shanun. Baba ya yi dariya har hularsa ta karkace.

“Mota za ki saya ko saniya? Me Alhaji ya sani a ƙarfe?”

“Bai san ƙarfe ba,” in ji Mma, “amma na san gidansa.”

Ranar ciniki akawu ya fito da fetur a kwalbar lemo, yana riƙe da ita kamar turare. Ya ɗura, ya tayar, motar ta yi gurnani ta tafi daga ƙofar gidansa zuwa gindin mangwaro, man ya ƙare. Iyakar gwajin ke nan. Alhaji ya zagaya ta, ya daddaki tayoyi da sanda, ya sa aka buɗe masa gaba ya leƙa kamar mai duba haƙoran sa. Ya gyaɗa kai ya ce lafiyayya ce. Akawu ya dafa ƙirji ya ce da Hausarsa ta kasuwa, “Madam, mota nan shi na da ƙarfi. Allah ya sani, ko Kumasi shi na zuwa yau yau.” Aka sallama, Alhaji ya cire la'adarsa, aka yi fatiha, muka turo motar har gida.

Ta zauna a ƙofar gidanmu har rani ya kusa fita. Baba, wanda ya fi kowa kushe cinikin, shi ya fi kowa cin moriyarsa. Da la'asar sai ya shiga ya zauna a mazaunin direba, ya ɗora gwiwar hannu a taga, yana amsa gaisuwar masu wucewa. A can yake karɓar baƙi. Unguwa ta fara kiransa mai mota, bai taɓa gyara wa kowa ba. Kajinmu kuma suka mai da bayanta wurin ƙwai.

Da aka ce fetur ya zo, muka tura ta layi ni da ƙannena, muna matsawa kaɗan kaɗan har muka samu. Mma ta ɗauko direba, ta yi kwalliya, ta shiga gaba. Ba su fita daga gari ba motar ta fara tari, ta yi hayaƙi fari, ta tsaya a Bulpiela, fetur ɗin da muka sha wuya a kansa yana ɗiga a ƙasa. Makaniki ya shiga ƙarƙashinta ya fito yana girgiza kai. Ya ce injin a tsage yake tun tuni, ruwa na haɗuwa da baƙin mai, tankin kuma da sabulu aka liƙe shi. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Mu muna wanki da toka, wani ya samu sabulun liƙe mota.

Na raka Mma wajen akawu. Ko kujera bai ba mu ba.

“Madam, ciniki ya ƙare. Na ba ka mota, ka ba ni kuɗi. In ka na so, mu je wajen soja, su tambaya mace na kasuwa ina ya samu kuɗin mota.”

Ya san inda ya taɓa. A shekarun nan ko gwangwanin madara aka gani da yawa a rumfarki sai a ce kina kalabule, wato ɓoye kaya don su yi tsada, kuma mun ga matan da aka zane a tsakiyar kasuwa. Na buɗe baki zan wanke shi, Mma ta matse mini hannu. Muka fito ina kuka don baƙin ciki.

Kwanan baya ɗana da ke ƙasar waje yake ba ni labarin ya sayi tsohuwar mota da katin bashi na banki, ta lalace, mai sayarwa ya ƙi sauraronsa, bankin ya mayar masa da kuɗinsa tunda ta hannunsu aka biya. Yana faɗa yana jin sun zo da sabon abu. Na ce masa kakarka ta riga ku, nata bankin dai goro yake ci.

Amma Alhaji bai amsa da daɗin rai ba. Da muka same shi a zaure ya saurara, ya tofar da goro, ya kawo dokar kasuwarsu. Dabba in ta nuna ɓoyayyen aibi cikin kwana uku, dillali ne zai karɓe ta ya biya. In ta wuce haka, ta zama ta mai saye.

“Hajiya, wata nawa motar nan a ƙofarki? Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.”

Mma ba ta je Makka ba, in ya ce mata Hajiya to yana neman kuɓuta ne. Ta ce masa, “Alhaji, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.” Ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya miƙe wai zai yi alwala.

Ranar kasuwa da hantsi Mma ta ce mu fito mu tura mota. Na ce ina za mu? Ta ce in tura dai. Baba ya tsaya a ƙofa yana kallon ofishinsa na tafiya. Muka bi titi, Mma na gaba da igiyar shanu sabuwa a kafaɗa, yara na bin mu. Sai da na ji warin kashin shanu na gane inda muka nufa, dariya ta kusa kayar da ni.

Kowane dillali yana da turakunsa inda ake ɗaure dabbobin da aka ba shi amana. Mma ta sa muka kutsa da motar har tsakiyar bijiman Alhaji. Ta zura igiya a ƙarfen gaba, ta ɗaure a turke, ɗauri mai kyau irin na wanda ya saba. Ta zuba mata harawa a gaba, ta ajiye bokitin ruwa, ta shimfiɗa tabarma ta zauna.

Kafin ka ce kwabo an kewaye mu. Mahauta suka bar ciniki, Fulani suka jingina da sanduna suna kallo. Duk wanda ya tambaya, Mma ta amsa masa a natse.

“Ta Alhaji ce. Shi ya duba bakinta ya ce lafiyayya ce. Na kawo ta ne ko za a samu mai yanka.”

Wani mahauci ya ce nawa ta sallama, wani ya ce a fara duba ko tana da ciki. Alhaji ya iso babbar riga na jan ƙasa, yana cewa Hajiya wannan wane irin tonon silili ne. Ya sake kawo maganar kwana uku, a gaban jama'a wannan karon. Mma ba ta dube shi ba, ta juyo da jikinta duka wajen wani tsohon Bafulatani da ya kawo wa Alhaji shanu a ranar.

“Baffa, don Allah in tambaye ka. An sayar maka da sa, yana kwance, ba a ba shi ruwa ba, ba a tashe shi ya taka ba. Daga yaushe za ka fara ƙirga kwanakinsa?”

Tsohon ya daɗe yana kallon motar. Ya ce, “Sai ran da ya tashi.”

“To shekaranjiya ta sha, shekaranjiya ta tashi, shekaranjiya ta faɗi.”

Tsohon ya juya. Ya je ya fara kwance bijiminsa daga turken Alhaji. Wani Bafulatanin ma ya bi shi, ya kwance nasa. Dillali ba shi da jari sai yarda, kuma Alhaji na tsaye yana kallon tasa tana tafiya da ƙafa huɗu. Ya riƙe hannun tsohon, ya ce a dakata, ya juyo ya ce Mma ta zo a yi magana a gefe. Ta ce nan ma gefe ne.

Ya ce zai biya ta kuɗinta. Ta ce albarka. Kuɗin da ya sayi saniya a farkon rani yanzu ko tunkiya ba zai saya ba, shanu ta kawo, shanu take so. Aka yi ta ja, har aka tsaya a kan uku daga cikin nasa na kansa, ramammu kamar kowace dabba a shekarar. Ta huɗun ya ce ta tafi a hayar zaman da Baba ya yi a ciki, don duk gari an gan shi. Mma ta yi murmushi ta ce wannan kam gaskiya ne. Yadda Alhaji ya ƙare da akawu ban sani ba, na dai ji an ce gidan akawun sun daɗe mahauta ba sa sayar musu da nama.

Na dawo gida ina tafiya kamar ni na ci yaƙin. Na ba maƙwabta labari, na ƙara gishiri, na kwaikwayi tafiyar Alhaji. Da na shiga ɗaki na tarar da Mma zaune a bakin gado ta cire ɗankwali. Ta miƙo mini man kaɗanya ta ce in shafa mata a wuya. Ina shafawa na ji kafaɗunta na rawa, na leƙa na ga hawaye.

“Mma, ke fa kika yi nasara.”

“Na sani,” ta ce. “Na ɗan sa rai ne na gama ɗaukar kaya.”

Duk murnata ta zube, tausayinta ya kama ni. Na ci gaba da shafawa. Da ta ji dama ta share fuska, ta ce in nemo mata tsumma mai kauri in naɗa mata gammo, gobe kasuwar Kumbungu ce kuma motar farko ba ta jira.