Tayin Maigidana

Shekararmu goma sha ɗaya da aure kafin na lura ban taɓa zama na ci abinci da mijina mu biyu kaɗai ba. Wata abokiyar aikina ce ta jawo, a makarantar da nake koyarwa. Ta zo ranar Litinin tana ba mu labarin yadda maigidanta ya kai ta cin shinkafa da kaza, har ya tsiyaya mata lemo da hannunsa. Malamai mata suka yi shewa, ni ma na taya su. Da na koma gida na zauna na yi ta tunani, ban samo ko rana ɗaya ba.

Tsarin gidanmu a Tudun Fulani ba ɓoyayye ba ne. In na gama girki sai in zuba nasa a babbar kula, ya ɗauka ya fita ƙofar gida inda tabarmarsa take. Can maƙwabta ke jiransa, da mai gyaran babur na bakin layi, da duk wanda Allah ya kawo. Ni da yara da Hajiya, mahaifiyarsa, mu ci namu a tsakar gida. Haka ya taso ya ga mahaifinsa na yi, shi ma haka ya gani wajen nasa uban, wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo Minna. Ban taɓa ganin laifin hakan ba. Amma tunda abin ya shiga raina sai ya ƙi fita, ni kuwa in na sa abu a gaba ba na sakewa.

Na same shi da maganar. Na ce, "Baban yara, ranar Asabar so nake ka fita da ni mu ci abinci a waje. Ni da kai."

Ya dube ni da kyau ya ce, "Gas ne ya ƙare?"

"Bai ƙare ba."

"To, Malama, wani laifi na yi?"

Da ƙyar ya yarda cewa ba rigima nake nema ba.

Asabar ta farko na ci ado da leshina, muka bar wa Hajiya yara, ya kai ni wani gidan abinci a hanyar Bosso mai fanka da talabijin. Abin da na manta shi ne sana'ar mijina. Kwanon rufi yake sayarwa a kasuwa, duk wanda ya taɓa rufa ɗaki a garin nan ya san shi. An kawo mana dafa-duka da kaza ke nan, na ɗauki cokali, sai ga wani kafinta ya shigo. Mijina ya ɗaga hannu ya ce, "Bismillah!"

Kowa ya san yadda tayi yake. A ce maka bismillah, ka ce alhamdu lillahi, ka wuce abinka. Kafintan ma haka ya ce, bawan Allah. Amma tayin mijina ba na fatar baki ba ne. Ya miƙe, ya jawo kujera, ya kama hannun mutumin, ya haɗa shi da girman Allah. Kafinta ya zauna. Suka shiga hirar rufin wani masallaci da iska ta yaye, ni kuma na karkace ina tsakurar shinkafa, don ba zan iya yagar kaza a gaban baƙon namiji ba. Can kafintan ya ce, "Uwargida ba ta cin kaza ne?" Kafin in buɗe baki mijina ya ce, "Ba ta dame ta ba," ya ɗauke cinyar ya sa masa a faranti. Ni da ko ƙashin kaza ba na bari a gida! Na haɗiye maganata, na kora da ruwa.

Asabar ta biyu muka canza wuri, muka je wajen wata mai masa da miyar taushe. Nan mutum uku muka samu, suna shirin kai lefen ƙanensu. Ya haɗa teburinmu da nasu. Da suka ji ni malamar makaranta ce sai suka miƙo min takarda da biro in rubuta musu sunayen matan da za su shiga mota ta farko. Na fita cin abinci da mijina, na dawo sakatariyar bikin mutanen da ban sani ba.

Kafin ta uku sai da na sa shi ya yi alkawari. Na ce ko Limamin unguwarmu ne ya shigo, gaisuwa kawai, ba tayi. Ya ce ya ji, bakinsa ba zai furta ba. Kuma tsakani da Allah bai furta ba. Wani manomin doya daga Kuta, tsohon mai sayen kayansa, ya shigo ya gaishe mu daga nesa. Na ga mijina ya datse baki kamar mai riƙe da ruwan magani. Sai ya dubi mutumin, ya dubi faranti, ya sake duban mutumin, ya ɗaga gira. Manomi ya taho.

"Oga, ka kira ni?"

"Ni ban ce komai ba," in ji mijina, yana satar kallona.

"To ai idonka ya ce." Ya ja kujera ya zauna, ya wanke hannu, sannan ya dube ni ya tambayi mijina, "Madam ya yi fushi ne?"

Madam kuwa ta cika ta yi fam. Muna shiga mota na sauke masa, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Da na gaji ya ce, "To yaya zan yi, Malama? Mutum ya gan ni ina ci in yi kamar ban gan shi ba? Gobe a kasuwa a ce na zama marowaci?"

Na ce, "Na ji. Hali zanen dutse. Kai ni inda ba wanda ya san ka."

Haka muka tsayar da Zungeru. Ranar da safe shayi kawai na ba shi, don kada ya ce min a ƙoshe yake. Muka kama hanya, rana na dukan mota, yana ta nuna min gidajen bakin titi da rufinsu ya fito daga shagonsa. Da muka isa wajen masu gasa kifi kusa da kogi, rumfar farko ya ɗaga kai ya ce, "Wannan kwanon nawa ne." Na ce mu wuce. Ta biyu mai wurin ya fara washe baki tun daga nesa, na ja hannun rigar mijina. Can ƙarshe na hango wata rumfar ciyawa, ba ko fallen kwano a kanta, wata dattijuwa na fifita garwashi. Na ce nan za mu zauna.

Ta gasa mana babbar karfasa, ta barbaɗe ta da yaji da albasa, ta kawo a tire ɗaya. Benci biyu ne da teburi a tsakani. Na zauna a ɗaya, ya zauna a ɗayan, muna fuskantar juna. Babu kowa sai mu. Na ce a raina, yau dai Allah ya yi.

Ya wanke hannu. Ya goge. Ya sake wankewa. Ya gutsuri kifi ɗan mitsitsi ya sa a baki, ya daɗe yana juya shi, ya kora da ruwa. Ya waiga hagu, ya waiga dama. Can tsakiyar kogi akwai wani masunci a kwalekwale, na ga idon mijina ya tsaya a kansa.

Na ce, "Ko a ranka."

Ya sauke kai. Ya tambaye ni ya makaranta, na ce lafiya. Ya tambaye ni ya yara, yaran da muka baro tare da safe. Gumi na bin wuyansa, kifi na hucewa, mutumin da na sani yana tashi da malmala uku ya kasa loma ta biyu.

Fushina sai ya juye ya zama wani abu daban. Na ji zafi ƙwarai, irin wanda ban shirya masa ba. Duk makonnin nan ina ɗora laifin a kan kafinta da manomi, ga shi babu kafinta babu manomi, kuma mijina ya kasa zama da ni na tsawon cin kifi ɗaya. Na ture tiren gefe na ce, "Baban yara, zama da ni ne ba ka so. Faɗa min in sani, in daina wahalar da kai da man motarka." Hawaye ya zubo min, abin da na tsana ke nan.

Ya ce, "Wallahi ba haka ba ne."

"To mene ne?"

Ya daɗe yana murza gefen teburi da yatsa. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, "Kallona kike yi."

"To wa zan kalla? Mai kwalekwale?"

"Ni fa kunyarki nake ji, Malama. In idonki na kaina loma ba ta wucewa. Ban iya cin abinci a hankali ba, mutanen tabarma kullum tsiya suke min wai ana jin taunata daga bakin titi. Ke kuma ga ki da cokali da komai a tsare. In akwai wani a wurin, hankalinki na rabuwa, sai in samu in ci."

Na saki baki ina kallonsa. Mutum da furfura ta fara fito masa a gemu, 'ya'ya uku tsakaninmu, na yi jinyarsa a zazzaɓi har wanka na yi masa, wai kunyata yake ji a kan tauna. Dariya ta ƙwace min, ga hawaye bai gama bushewa ba, na yi ta yi har dattijuwar ta leƙo ta ce, "Kifi bai yi daɗi ba?" Na ce mata ya yi, Mama, mu ne dai ba mu iya ba.

Na tashi na zagaya teburin, na zauna a bencinsa, kafaɗata na taɓa tasa, fuskata na kallon kogi. Na jawo tiren gabanmu. Na ce, "Ga shi, ba na kallonka. Ci."

Sai na ji ya ja hannun riga. Jama'a, mutanen tabarma ba su yi ƙarya ba. Ƙaya na ƙara, yaji na sa shi shan iska, yana tsotsar yatsa ɗaya bayan ɗaya. Na cije leɓe na kafa wa ruwa ido, ni ma na sa hannu. Muka yi ta ci, yana ba ni labarin yadda mahaifinsa ya taɓa kawo shi nan a jirgin ƙasa yana yaro, ya yi ta kuka a kan gada don tsoro. Ban taɓa jin labarin ba.

Da muka cinye jikin kifin ya rage kansa, na ji yana ɓantarar wani abu. Ta gefen ido na ga hannunsa ya turo wata 'yar tsoka fara zuwa gabana, ta kumatun kifin, ya cire mata ƙaya tas.

Ya ce, "Nan ne ya fi ko'ina daɗi. A tabarma ba na bar wa kowa shi."

Na ɗauka na ci, ban juyo ba.