Baturen da Ke Shinshina Shayi a Misfala

A shagon shayin Uzairu da ke unguwar Misfala a ƙasa mai tsarki, wani dattijon Bature mai jan gemu yana riƙe da ɗan kofi. Yana jujjuya shayin, yana shinshinawa, sannan ya kurɓa ya lumshe ido. Ni dai na ɗauka mai haɗa turare ne.

"Ya Hajji, lafiya dai?" in ji Uzairu.

Da Larabcin 'yan koyo Baturen ya ce, "Shekara talatin aikina ɗanɗana wuski a Scotland, irin wanda ake tsumawa a gangar giyar inabi. Da na musulunta na bar shi, abokaina suka bar ni. Harshen ne bai manta ba."

Uzairu ya ce, "To, ya ka ji namu?"

Ya sake kurɓa. "Na'ana'a ta yi yawa. Amma ƙaro min."