Iyakar Gonar Abatcha

A duk bakin Komadugu, daga Diffa zuwa Gueskérou, babu manomin tattasai da ya kai Abatcha son faɗin gona. Ba ya tambayar buhu nawa ka samu, sai dai taki nawa gonarka take.

Yana saurayi aka kawo kangar, ƙayar nan mai jijiya kamar igiyar rijiya, wai don ta tare rairayi. Abatcha ya karɓi dashe ya kewaye gonar da ya gada wajen mahaifinsa. Gabas da gonar kuwa burtali ne, hanyar shanun kowa da kowa. To, kangar ba ta san zama wuri ɗaya ba. Bana ta tsiro taki biyu cikin burtali, baɗi uku. Maƙwabta suna sare tasu suna tone saiwa, shi kuwa gogan naka har ban-ruwa yake yi wa tasa a ɓoye.

"Inda ƙayata ta tsaya, nan iyakata," haka yake gaya wa makiyaya, yana buga sanda a ƙasa.

Matarsa Zainaba ta gaji da magana. "Malam, abin nan fa ta ciki ma yake ci. Kwamin tattasan da muka dasa bara ina yake?"

"Ke dai ba ki san ƙasa ba," in ji shi.

Sai shekarun tashin hankali suka zo, aka hana zuwa bakin kogi, suka koma cikin Diffa suka zauna. Da aka ba da izinin komawa noma, Abatcha ya tarar da kurmi. Ko akuya sai ta yi shawara kafin ta shiga. Amma wallahi mutumin nan murna ya yi, don ƙayar ta haɗiye burtalin da ke gefen gonarsa gaba ɗaya. Ya je gaban mai gari da shaidu biyu, ya rantse duk nasa ne, aka rubuta.

Bara sai ga ma'aikatan gandun daji da mutum sittin, da gatura da diga, za a tumɓuke kangar kyauta. Abatcha ya sa babbar riga ya tarye su, yana nuna musu ta inda za su fara. Shugabansu, wani siriri mai suna Mujahid, ya buɗe takarda ya duba.

"Baba, mu filin jama'a aka aiko mu. Nan kuma an ce naka ne."

"Ai ɗana, rabin nan burtali ne! Kowa ya sani."

"Kowa ya sani, Baba, amma kai ka rantse."

Suka wuce ta gefen gonar maƙwabcinsa, suka share ɗan guntun burtalin da ya rage can gaba, suka tafi.

Yanzu Abatcha ya haura saba'in. Kullum da hantsi za ka gan shi da gatari, yana sara yana tsaki, wadda ya sare watan jiya ta fito da kai biyar. Abin da ban haushi, da ban tausayi kuma. Tattasan miya ma Zainaba a kasuwa take sayowa, ta ajiye masa a gabansa.