Allura a Cikin Kitson Hajiya Binta

Ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da aka fara kunna injin nan a kilinik ɗinmu na unguwar Treichville ba, don ranar ce aka ce wai ni, Ladi, in tsaya a bakin ƙofa. Shekara guda ke nan kafin rikicin zaɓe ya rufe gari. A lokacin na haura shekara goma sha biyar a wurin, tun Dokta bai yi furfura ba.

Ku yaran yanzu, bari in jera muku yadda muke. A sama akwai Dokta, likitan masu taɓuwar hankali da masu ciwon damuwa. Ƙasa da shi majo, wato shugabar masu jinya. Sai masu jinyar, da muke kira infirmiye. Can ƙarshen layi sai mu masu shara da sauya zanen gado. Ban yi boko ba, ko sunana ba na rubutawa. Amma duk Bahaushe ko Bajule da aka kawo ya ɗinke bakinsa, ni ake nema. Dokta da kansa yakan ce, "A kira min Tanti Ladi," wato Inna Ladi.

Hajiya Binta babbar mai atamfa ce a kasuwar Adjamé, gidanta na unguwar Bromakoté. 'Yarta ta rasu wurin haihuwa, tun daga nan ta ajiye magana, ta ajiye abinci, ta ajiye wanka. An yi rubutu, an yi hayaƙi, sannan ɗanta Alhaji Nura, mai shigo da tayoyi ta tashar jirgin ruwa, ya kawo ta. Dokta ya sauya mata ƙwayoyi har kala uku, shiru kake ji. Wata takwas ana kwantar da ita ana sallama. A wata takwas ɗin nan wa ke ba ta koko a baki? Ni. Wa ke cuɗa mata baya, ya yanke mata farce, ya yi mata kitso duk mako biyu? Ni. Ina yi ina ba ta labari, tun daga zuwan kakannina fataucin goro har faɗan 'yan gbaka, ƙananan motocin haya, a tashar Bassam. Idan ta ɗaga ido ta dube ni sau ɗaya, ranar na ci riba.

Sai ga akwati daga Faransa. Aka share ɗakin ajiya, aka sa kujera irin ta mai cire haƙori, da wani abu baƙi mai kama da kunnuwan almakashi a ƙarshen igiya. Dokta ya tara mu ya ce maganaɗisu ne. Ana ɗora shi a gefen goshi, yana ƙwanƙwasa, yana tashin wurin da damuwa ta kwantar a ƙwaƙwalwa. Ba yanka, ba a sa mutum barci, kullum ɗan lokaci kaɗan, kwana biyar a mako. Ya ce ba kowa yake yi wa aiki ba, amma ana gwada shi ga wanda ƙwaya ta gaza, kamar Hajiya. Ya kuma ja kunne: kada ƙarfe ya kusanci kai, don yana iya ɗaukar zafi ko ya motsa.

Wadda aka tura koyon injin ita ce Mariam, infirmiye, jikar Hausawan Treichville ce amma Hausarta sai a hankali. Ni na nuna mata inda ake ajiye auduga ranar da ta fara aiki. Yanzu ga ta da makullin ɗaki rataye a wuya kamar sarƙar zinari.

Na ce, "'Yar nan, ƙarfe nawa za mu shiga da Hajiya?"

Ta ce, "Tanti, pardon, yi haƙuri, ɗakin na masu horo ne. Ke ki jira a waje."

Na ce, "Ni? Waje?"

"Dokar Dokta ce, Tanti, ba tawa ba."

Na yi dariya don kada a gane na ji zafi.

Kafin a fara akwai takardar tambayoyi, ina ɗakin ina ƙarasa shara. Mariam na karantawa, Alhaji Nura na amsawa, tunda uwar ba ta magana. Ko an taɓa yi mata aiki a kai? A'a. Tana farfaɗiya? A'a. Akwai ƙarfe a kanta? Ya ce 'yan kunne ne kawai, aka cire, aka cire zobba. Mariam ta zame ɗankwalin, ta ga shuku lafiyayye, ta ce, "Kitson ya yi kyau." Ba ta tambayi wa ya yi ba.

Ni kuwa na san abin da ke cikin shukun nan. Wata 'yar laya ce kamar ƙwayar dabino, ɗinke da jar fata, da allura a ciki. Daga kan gawar 'yarta aka kwance ta, Hajiya ta mayar da ita nata kan. Duk kitso ni ke tusa ta a gindin gashi ta hagu, daidai inda Mariam ke aunawa da tef ɗin awo.

Zan faɗa muku gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na yi shiru. Na ɗauki bokitina na fita, aka rufe ƙofa. Zuciyata na cewa: bar su, masu horo ne. In abin ya ɓaci a gane wa ya san Hajiya. Na goge baranda, na sake goge inda na goge. Ta gilashin ƙofa ina ganin Dokta yana gwada abin a saman kanta, ɗaya-ɗaya, yana jiran babban yatsanta ya motsa, don da haka ake sanin ƙarfin da ya dace da mutum. Yatsan ya motsa. Mariam ta fara zamo da abin zuwa gaba ta hagu.

Sai na ga ƙafafun Hajiya. Ba su kai ƙasa ba, suna reto kamar na yarinya, da lallen da na sa mata ranar Juma'a. Ban san sanda na yar da tsumma na banke ƙofar ba.

"Ku tsaya! Akwai allura a kanta!"

Dokta ya ɗaga abin. Na sa yatsa na zaro layar. Hajiya da ko ƙuda ba ta korewa ta cafke wuyan hannuna har faratanta suka shige ni. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ajiya ce. Ina nan bakin ƙofa da ita a tafin hannuna, kina fitowa in mayar miki." An daɗe kafin ta sake ni.

Dokta ya dube ni ta saman tabarau. "Tanti, tun yaushe kika sani?"

Na ce, "Tun wata takwas."

"Kina nan sanda aka karanta takarda?"

"Ina nan."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Daga ranar ya sa doka: duk macen da za ta hau kujerar sai an bi kitsonta layi-layi. Aikin ya faɗo kaina, a baranda, kafin a shiga.

Haka muka yi mako biyar. Ina tsaye da laya a hannu, injin na ciki yana ƙwas-ƙwas-ƙwas kamar makoɗiya a bishiya. A mako na uku Hajiya ta ci acheke, dambun rogo, da kifi da hannunta. A na huɗu na ji murya ta cikin ƙofa, a dishe: "Yarinya, 'yar gidan wa ce ke?" Da Mariam take. Wata tara ina zuba labari a kunnen nan, maganar farko ta tafi wurin wadda ba ta iya gaishe ta da Hausa daidai ba. Mariam ta fito da gudu ta rungume ni tana kuka, "Tanti, ta yi magana!" Na ce, "Ina da kunne."

Ranar sallama Alhaji Nura ya zo da rago na Dokta, da turmin atamfa mai tsada na Mariam. Ni aka ce, "Sannu da ƙoƙari, Iya." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mariam ta raba turmin biyu ta kawo min rabi a leda. Na karɓa, ba zan yi ƙarya ba, amma ban taɓa ɗinka shi ba.

Bayan gari ya lafa na shiga kasuwar Adjamé sayen zanen suna. Ga Hajiya a rumfarta, ta yi ƙiba, tana ciniki da Faransanci da Julanci, tana dariya har da tafa hannu. Muka haɗa ido. Ta gane ni sarai. Sai ta sunkuya tana gyara atamfofin da ba su karkace ba, har na wuce.

Na yi kwanaki ina jin haushi kafin na gane. Mariam ta gan ta a kujera, da wanka, da kitso. Ni na gan ta ranar da ta ɓata zanenta tana kallon bango. Wanda ya warke ba ya son ganin fuskar da ta san wannan. Don haka ku masu bokiti, ku riƙe: a aikin nan wanda ya fi kusa da mara lafiya shi ake fara mantawa, kuma mantawar ma alamar sauƙi ce. In haushi ya kama ku, ku ji shi, ni ma har gobe ina jin nawa. Amma ku buɗe baki tun ana karanta takarda.