Disjonktan Baban Sani

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam Ɗanlami mai aikin wutar lantarki na unguwar New Bell a Douala. A ranar da muka taru yi masa addu'a bana, ɗan cikinsa Sani ya cire disjonktan da ya saka da hannunsa, ya maye gurbinsa da babba. Ban huce ba har yanzu, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Wanda bai san disjonkta ba, shi ne ɗan makunnin nan na cikin akwatin wuta, wanda ke faɗuwa da kansa idan kaya sun yi wa waya nauyi. Mutanenmu sun ɗauke shi abokin gaba. Baban Sani kuwa cewa yake shi ne mai gadin waya, kuma da girman waya ake auna shi, ba da son ran mai gida ba. Ƙwan fitila waya mai kaurin ɗaya da rabi, soket biyu da rabi, murhun lantarki shida, layinsa shi kaɗai. Daga New Bell har Deïdo an san shi da taurin kai a kan wannan. In ka kawo masa siririyar waya ka ce ya yi maneji, sai ya tattara kayansa ya yi maka sallama. Yana da wata ƙaramar wuƙa da yake kankare waya da ita a gaban mai shago, don ya ga jan ƙarfe ne har ciki ko fenti aka yi wa farin ƙarfe.

Ni ban shiga makaranta ba sai da na aurar da 'yata ta fari. Lambobin da na fara karantawa da kaina su ne na jikin akwatin wutar gidanmu: goma, goma sha shida, ashirin. Don haka ba labari aka ba ni ba.

Lokacin da ya ja wutar gidan nan, abin da muke da shi fitilu ne, da fanka, da rediyo, da dutsen guga. Ɗakin baya waya ɗaya da rabi ya sa masa, da disjonkta mai lamba goma, don fitila kawai ake kunnawa a can. Bayan rasuwarsa ɗanmu Sani ya yi wa matarsa Hadiza rumfa tana sayar da ƙanƙara da folere, wato zoɓo. Sana'a ce ta halal, ni ma ina sha. Amma daga wayar fitilar ɗakin baya suka jona firiza biyu. Tun daga nan disjonkta yake faɗuwa, su ɗaga, ya sake faɗuwa, suna zagin kamfanin wuta.

Ranar addu'a aka ƙara masa butar shayi ta lantarki da lasifikar malamai. Ana tsakiyar karatu wuta ta ɗauke. Aka ɗaga, ta sake ɗaukewa. Sani ya ji kunyar baƙi, ya hau babur, ya dawo da mai lamba talatin da biyu, ya ɗaura. Ya zo wurina yana share gumi, ya ce, "Inna, an gyara. Ba zai ƙara faɗuwa ba."

Na ce, "To in bai faɗi ba, me zai faɗi?"

Na shiga ɗakin baya na dafa katakon da wayar ta bi. Zafi kamar murfin tukunya, ga warin roba. Gidanmu karabot ne, katako ne tun daga ƙasa har rufi, kuma jikin wannan bangon jikokina ke kwana. Na zare firizan biyu da butar a gaban kowa. Ƙanƙarar Hadiza ta narke, ba ta ƙara yi mini magana ba ranar. Sani ya ce na tozarta shi a gaban abokan babansa. Na ce masa abokan babansa sun fi son cin shinkafar addu'ar mutum ɗaya a kan ta mutum biyar.

Nakan tambayi kaina me Baban Sani zai ce da ya ga Douala ta yau. Kowane ɗaki da firiza, wasu har da na'urar sanyaya ɗaki, amma wayar da ke cikin bango ita ce ta zamanin rediyo. Ba na jin zai yi faɗa, faɗan nawa ne. Ba zai kuma hana Hadiza sana'arta ba. Zai durƙusa ne ya duba, ya ce a ja wa firiza layinta daga akwati, waya biyu da rabi, disjonkta goma sha shida, a bar wa fitila wayarta.

An yabe shi sosai ranar, an ce mutum ne mai amana. Gaskiya ne. Amma amanar tasa ba a baki take ba, tana cikin bangayen mutane, inda ba mai ganinta, kuma ban taɓa jin an zo an ce aikinsa ya ci gidan wani ba. Ba zan bari a fara da nasa ba.

Washegari bayan na idar da salla na tsaya a kan Sani har ya mayar da mai lamba goma. Na ce firiza ba za ta tashi ba sai an ja mata layi. Na ɗauki wuƙar babansa na tafi kasuwa. Mai shagon farko ya rantse mini wayarsa ta asali ce. Na kankare, fara fat a ciki. Na ajiye masa, na wuce shago na gaba.