Farin Yadin Alhaji Sule

Har na yi ritaya daga aikin duba-gari, ban manta da ranar da lalacina ya kusa raba wata baiwar Allah da karenta ba.

Lokacin ina ƙaramin jami'i a Fagge, sati uku bayan Babbar Sallah, Alhaji Sule mai yadi a kasuwar Kwari ya kawo ƙara ofishinmu. Matarsa ta kwanta da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, sai a asibiti aka ciro mata kaska a bayan kunne. Gidansa yana bakin Sabon Gari, katanga ɗaya da Madam Nkechi mai burodi, wadda tun rasuwar mijinta ba ta da abokin zama sai karenta Bingo. Alhaji ya rantse daga can kaskar ta tsallako, don shi gidansa siminti ne da tayil, ko tsinken ciyawa babu.

Ni ma na hau na zauna, don a ganina kaska ta daji ce da rugar shanu. Ban ko tashi daga kujera ba na rubuta takardar a ɗauke karen, na kai wa shugabarmu Hajiya Rabi ta sa hannu. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malam Habu, ka ja ƙyalle kuwa?"

Jan ƙyalle shi ne a ja farin zane a ƙasa da jikin bango, kaskar da ke jiran abin hawa ta maƙale, a gan ta ƙuru-ƙuru. Ban ja ba, ƙyallen ma ba mu da shi. Da Alhaji ya ji, da kansa ya yanko farin yadi daga shagonsa, wai a kama Madam da shaida.

Muka fara da gidanta. Tana rungume da Bingo, ido jajir, tana faɗa mini duk Asabar sai ta wanke shi da magani. Na ja yadi har bayana ya ƙage, ban kamo komai ba sai ƙura. Na naɗe yadin. Sai ta ce, "To Oga, a ja a gidan Alhaji mana."

Alhaji ya buɗe ƙofa yana dariya. Tsakar gida fes. Sai na shiga lungun bayan janareto, inda yake ɗaure ragunan layya duk shekara, inda kuma matarsa ke shanya. Yadi ya shiga fari tas, ya fito kamar an watsa masa baƙin riɗi. An yanka raguna an cinye, amma kaska ta zauna a tsagar siminti ta yi ƙwai, 'ya'yanta suka tashi ba rago, suka koma kan masu gida.

Alhaji ya fara sosa ƙeya, ya koma ƙafa. Ya raɗa mini cewa a bar maganar a tsakaninmu, bai san Madam tana tsaye a bakin ƙofa ba. Cikin ladabi ta ce, "Alhaji, ko in kawo maka sabulun Bingo?"

Muka yi feshi, aka toshe tsagar, matarsa ta warke, ni kuma na yaga takardata a gaban Hajiya Rabi, kunya kamar in nutse. Ranar na gane kaska ta zama 'yar birni, siminti bai hana ta zama ba. Na kuma gane mai kawo ƙara yakan san gidan maƙwabcinsa fiye da nasa lungun. Yadin nan shi na yi ta ja har na bar aiki, Alhaji bai taɓa neman abinsa ba.