Mun Je Neman Talla, Mun Dawo da Bawan Allah

Mun tashi da asuba ranar Alhamis, amma tashi daga shimfiɗa kawai nake nufi. Duk wanda ya san hanyar Kaura Namoda zuwa Shinkafi a wannan zamani ya san ba a hawanta sai rana ta fito ta wanke ido, sojoji sun ɗage shinge, motoci sun taru sun yi ayari. Saboda haka muka yi sallah, muka zauna teburin mai shayi a bakin tasha muna jira. Na sha kofi uku don ƙarfin zuciya. Abokan tafiyata sun ce biyar na sha, amma kun san mutane da ƙari.

Mu uku ne. Akwai abokina mai gabatar da Rumfar Hantsi, shirin siyasar nan da ake bugo waya kai tsaye a ɗan gidan rediyonmu mai zaman kansa. Akwai ƙanwarmu mai kula da sashen talla, mace mai kaifin kai da ƙarancin magana. Sai ni, mai shagon kayan babur, wanda ake kira ya karanta talla idan an samu. In kun taɓa jin an ce wani sabulu yana wanke har baƙin cikin zuciya, muryata ce, ku yafe mini.

Abin da ya fitar da mu ba yawon buɗe ido ba ne. Mai gidan rediyon, dattijo mai haƙuri, ya kira abokina ya ce masa man gas na janareta ya kusa cinye shi ɗanye, wutar lantarki kuwa baƙuwa ce, sai ta ga dama take leƙowa. Masu mulki sun daina kawo sanarwa tun da shirin ya bar talakawa suna yi musu tambayoyi. 'Yan adawa ma sun janye, don da suka zo suna tsammanin tafi, irin tambayoyin aka yi musu. Ga kuma wani babban ɗan siyasa ya aiko yana son sayen awar shirin gaba ɗaya ya zuba sojojin baka, waɗanda ake biya su yabi maigida su zagi abokin hamayyarsa. Dattijon ya ce ba ya so, amma in wata ya ƙare ba a sami mai ɗaukar nauyin shirin ba, zai sayar. Saura kwana goma sha ɗaya.

Wanda bai san Rumfar Hantsi ba ba zai gane zafin abin ba. Shiri ne da manomi ke kira, makiyayi ya kira, mace ta kira daga cikin gida, ɗan jam'iyya mai ci da na adawa kowa a ba shi dama daidai. Doka biyu ce kawai: ban da zagi, ban da ƙage. Akwai ƙauyukan da sai mutum ya hau bishiya yake samun layi, amma suna kira. Na taɓa jin wani yana tsaka da sukar farashin taki reshe ya karye da shi, kuma na rantse sai da ya ƙarasa maganarsa kafin ya iso ƙasa.

Motarmu ta tashi da hantsi, mutum biyu a gaba, huɗu a baya, buhunan albasa a but. Damina ta yi kyau bana, gero ya yi kai, kore shar har iyakar gani. Hanya kuwa ramukanta sun yi ƙiba da ruwan sama. Akwai wanda muka shiga ina jin sai da na ga kifi. A wasu wurare hira kan mutu ba tare da kowa ya ce a yi shiru ba, sai ka ga gidaje babu hayaƙin girki, gonaki ciyawa ta cinye, kowa yana motsa leɓe da addu'a. In an wuce sai direba ya yi gyaran murya, hira ta dawo.

Direban ya kunna rediyo, aka ci karo da maimaicin shirin abokina. Nan mota ta rabu biyu, ana musu kan ko shugabannin ƙananan hukumomi su riƙa kwana a garuruwansu. Wata tsohuwa da ke kusa da ƙanwarmu ta ce, "Mai shirin ga ai ƙato na, daga jin muryarshi. Shi ya sa ba ya tsoron kowa." Abokina, wanda iska mai ƙarfi kan sa a riƙe masa riga, ya ƙara lafewa a gefen ƙofa. Sai da muka tsaya a wani shinge ya gaida soja, direba ya juyo ya zura masa ido ya ce, "Malam, sake hwaɗin sannu da aiki in ji." Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "To Allah mai iko. Ashe duk abincin murya yake tahiya."

Mun shiga Shinkafi kasuwa ta fara cika. Tsofaffi suna cewa ba ta kai rabin yadda take a da ba, amma ni da idona na ga abin da ya ishe ni: albasa tsibi-tsibi, barkono, gishiri, tabarmi, mutanen Nijar da rawunansu suna ciniki da rabin Hausa rabin hannu. Tsada kuwa ba a magana. Abin da na ba mai hoce da ƙuli-ƙuli, a zamanin samartakata da shi ake sayen ɗan akuya har a ba ka igiya kyauta. Amma hocen, gurasar dawar nan ta ƙasarmu, ya yi daɗi, na yafe mata.

Muka fara da wani babban ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a sari. Da ya ji ko mu su wane ne, ya tashi tsaye, ya sa aka shimfiɗa darduma, aka kawo fura mai sanyi. Ya riƙa tuno mana shirye-shiryen baya ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda abokina ya manta. Na ce a raina, shi ke nan, kakarmu ta yanke saƙa. Ƙanwarmu ta buɗe jaka ta yi masa bayani: za a ambaci sunansa da shagonsa a farkon shiri da ƙarshensa, ni kuma in zuba masa kirari.

Fuskar mutumin ta sauya. Ya rage murya ya ce, "Ɗiyata, so kike in hau rediyo in ce ga ni, ga shagona, kaya sun iso? Mutanen daji ma suna da rediyo. Batirinsu ya hi nawa sabunta. Ni da nike shigowa kasuwa da tsohuwar riga don kada a san ni?"

Wallahi duk tsawon shirinmu na tafiya babu wanda wannan ya faɗo wa a rai. Mun ɗauka tsoron 'yan siyasa ne kaɗai ya kori masu talla. Ashe a ƙasarmu yau talla ta zama kamar mutum ya rataya wa kansa ƙararrawa ya shiga daji. Muka bi shaguna har la'asar, amsa ɗaya ce da riguna daban-daban. Kowa yana saurare, kowa yana sa albarka, babu mai son a ji sunansa. Mun sha furar da in an tara ta za ta yi ban ruwan fadama, amma jakar ƙanwarmu yadda ta zo haka take.

A kara, wajen shanu, wani dattijon Bafulatani da rediyo rataye a kafaɗa ya gane muryar abokina, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Ya ce shi ma an kore masa shanu, an kashe masa ƙane, amma duk inda ya buɗe baki sai a dube shi kamar shi ya aiko ɓarayin. "Wurinka kaɗai nike kira a bar ni in kai aya," in ji shi. Abokina bai gaya masa shirin na gab da mutuwa ba. Da muka bar wurin na ga yana share ido da hular hannunsa, ya ce hayaƙin masu tsire ne. Ban ga mai tsire ko ɗaya a layin ba.

Mun kwana gidan wani ɗan'uwana. Washegari Juma'a muka bi ayari zuwa Zurmi, jiki a sanyaye. Ko ni da ba a raba ni da surutu, sai da direba ya tambaya ko ba ni da lafiya. Zurmi garin gero da dawa ne, rumbuna ko'ina, ko da yake a tsakiyar damina yawancinsu sai ƙurar bara. Ƙanwarmu ta sauka gidan gwaggonta kusa da masallaci, mu muka wuce sallah.

Bayan an sallame, ladan ya ɗauki lasifika yana sanarwar gudummawar gyaran rufi: wani bawan Allah ya ba da kwano, wani bawan Allah ya ba da siminti, Allah ya saka musu. Abin da muke ji kowace Juma'a tun muna yara, har kunne ya daina kama shi. Muna fitowa muka tarar da ƙanwarmu a ƙofar gidan gwaggonta, ta kasa zama. Ta ji sanarwar daga tsakar gida.

Ta ce, "Yaya, mu fa suna muke ta sayarwa, su kuwa sunan ne ba sa so. Masallacin nan kaf wa ya san wanda ya gina shi?"

Gwaggon ce ta yi mana hanya zuwa wurin wani Alhaji, babban ɗan kasuwar hatsi, dattijo mai farin gemu da idon da ke auna mutum kamar tiya. Muka same shi a zaure. Yana jin muryata ya ce, "Kai ne mai sabulun nan? Na saya, baƙin cikina na nan." Na ce, "Alhaji, wataƙila ba ka cuɗa sosai ba." Ya yi dariya har da tari, na ce alhamdu lillahi, ƙofa ta buɗe.

Ƙanwarmu ta yi bayani a taƙaice: ba suna, ba shago, ba gari. Abin da za a ce kawai, wani bawan Allah ne ya ɗauki nauyi. Alhaji ya shafa gemu ya ce wannan mai yiwuwa ne, zai ɗauki kwana uku a mako har a yi girbi, kuma zai yi wa abokansa biyu magana. Ni har na fara jera godiya, sai abokina ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Alhaji, kafin ka sa hannu a aljihu, akwai abin da ya kamata ka sani. Ranar Litinin shirinmu a kan masu ɓoye hatsi ne har ya yi tsada. Mutane za su kira, kuma 'yan kasuwar hatsi za su sha suka. Ba zan kashe wa kowa waya ba, ba zan kuma sauya batun ba."

Jama'a, ku ji mini wannan. Kwana biyu muna yawo a hanyar da ake bi da alwala, mun sami mutum ɗaya tilo, shi kuma wannan siririn bawan Allah ya zaɓi ya taka masa ƙafa a zaurensa. Na zungure shi da gwiwa har sai da na ji ƙashi. Bai ko kalle ni ba.

Alhaji ya gyara zama. Sannan ya ce, "Watau in saya maka mai, ka kunna inji a zage ni."

"Ba za a zage ka ba, Alhaji, doka ta hana. Amma za a faɗi abin da ba ka so."

"Ni ma ana bari in kira?"

"Kamar kowa."

"To ba ni lambar. Su masu cewa muna ɓoyo, sun san abin da muke biya kahin buhu guda ya hito daga ƙauye? Na daɗe ina son in hwaɗa musu." Ya juyo wurina ya ce, "Kai kuma bar zungurin yaro. Da ya ɓoye mani, da ranar Talata na janye."

Mun kamo hanyar gida kafin la'asar, don ba a yarda rana ta faɗi wa mutum a waje. A mota na yi wa abokina faɗa tun daga Zurmi har muka hango tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaura. Amsarsa ɗaya ce: wanda ba a ambaci sunansa ba ya fi saurin zama maigida a ɓoye, gara ya san tun farko awa ya biya, ba bakin mutane ba.

Mai gidan rediyo ya saurare mu, ya ce kwana uku ba mako ba ne, amma sun isa ya ba ɗan siyasar nan haƙuri. Sauran kwanakin ya ba wani mai maganin gargajiya, wanda aƙalla basir kaɗai yake zagi. Bayan girbi kuma sai abin da Allah ya yi. Ba zan ce muku shirin ya tsira har abada ba, ko ni ƙarina bai kai nan ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, masu son a faɗi gaskiya a ƙasarmu suna da yawa, har cikin masu hali, tsoro ne ya sa kowa ya sa tsohuwar riga. Wanda zai nemi taimakonsu sai ya rufa musu asiri, amma kada ya rufa musu gaskiya.

Ranar Litinin na shiga ɗakin watsa shiri da babbar rigata, na gyara murya, na karanta talla mafi gajarta a rayuwata: "Wani bawan Allah ne ya ɗauki nauyin wannan shiri." Na so in ƙara ko da kirari ɗaya, ƙanwarmu ta harare ni ta bayan gilashi. Aka buɗe layi, masu kira suka yi wa 'yan kasuwar hatsi wankin babban bargo. Mutum na huɗu da ya bugo wani dattijo ne daga Zurmi, ransa a ɓace, ya kare 'yan kasuwa da iyakar ƙarfinsa. Lokacinsa na cika abokina ya ce, "Mun gode, Baba, a ba wani dama," ya katse shi da man da shi ya saya.